Watannin da Zakara Ya Yi Magana

Ita da bakinta ta nemi a rage zuwan, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci wa mai ɗinki rai. Da wani ne ya yanke hukuncin, da ta samu wanda za ta riƙa jin haushi ta ɗan huce. To babu. Ita ce ta miƙe a gaban mata, ta gyara zaman ɗankwali, ta yi magana har aka tafa mata.

Ga yadda abin ya faro. Ɗanta yana da wata huɗu aka zo asibitin da take kai shi rigakafi ana neman jarirai don wani bincike na jami'a, daga sashen da ke nazarin halayyar ɗan Adam. Ba magani za a ba su ba, ba jini za a ɗiba ba. Kallo kawai za a riƙa yi, a ga yadda yaro ke koyon zama da rarrafe da magana. Shugabar aikin wata doguwar mata ce mai tabarau, kowa Dakta yake ce mata, ko da yake matan suna tsokanarta cewa ita ce likitar da ko ciwon kai ba ta iya warkarwa. Mai ɗinki ta ba da sunan ɗanta. Matan suka raɗa wa abin suna awo, kamar na masu ciki, kuma sau ɗaya a wata ake zuwa.

Ɗakin awon yana hawa na biyu, can ƙarshen wata doguwar baranda. An shimfiɗa shuɗin kafet mai laushi, ga wani ɗan tebur da bai kai gwiwar babba ba, ga kwando cike da kayan wasa: ƙwallo, kofunan roba, 'yar tsana mai ido ɗaya, da wata jar mota da duk yaran suka gama tauna. A kusurwa akwai kyamara a kan ƙafa uku, da 'yar jar fitila da ke kamawa idan tana ɗauka. Dakta takan tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa, ta kife kofi a kan ƙwallo ta ga ko yaro zai nema, ta kira shi daga baya ta ga ko zai waiwayo. Ɗan mai ɗinki kuwa gwani ne wajen waiwayowa. Babansa, wanda direban babbar mota ne da kan yi watanni bai kwana a gida ba, shi ya sa masa Zakara, don tun asuba yake tashe su da ihu, kuma sunan ya bi shi har ɗakin awo.

Amma zuwan nan da cin rai yake. Mota biyu ake shiga, a hau bene da goyo, a zauna a benci ana jiran layi, kafin mutum ya koma shago yini ya riga ya karye. Masu kaya kuwa ina ruwansu da ilimin jami'a, rigarsu suke so. Da yaran suka cika shekara, wasu iyayen sun fara sulalewa, sai Dakta ta tara sauran ta ce kowa ta faɗi abin da ke damunta. Duk aka yi shiru ana kallon juna, ka san halin mutane. Mai ɗinki ba ta iya irin wannan shirun ba.

"Dakta, don Allah ki gaya mana gaskiya," in ji ta. "Me yaro zai yi a wata ɗaya da ba za ki gani ba in kin ɗan jira? Na watan jiya da na wannan watan duk abu ɗaya ne, ƙwallo da kofi, kofi da ƙwallo. Nawa har ya haddace, tun ba ki kife kofin ba yake miƙa hannu. Yaran nan fa ba guduwa za su yi ba."

Mata suka bushe da dariya, wasu suka tafa. Ita ma Dakta ta yi murmushi, ta ce akwai gaskiya a ciki, don yaro in ya saba da gwaji ba a ƙara gane ko girma ya yi ko hadda ce kawai. Bayan 'yan kwanaki aka sanar cewa daga yanzu sai bayan wata shida-shida. Mai ɗinki ta koma shago tana jin kanta, har ta ba maƙwabciyarta mai sayar da kayan kwalliya labarin yadda ta gyara wa 'yan boko aikinsu.

Ba a yi wata biyu ba bakin Zakara ya buɗe.

A shago ne, tana kan keken ɗinki, shi kuma yana zaune a cikin tarin ƙyallaye. Ya ɗago ya nuna jarkar ruwa ya ce, "Wuwa." Ta tsayar da keken. Ta ce ya maimaita, ya maimaita, har da buga ƙafa don ta cika jinkiri. Daga ranar sai abin ya riƙa zuwa kamar wasa. Mota ta zama tota. Kyanwar da ke bin shaguna ta zama nana, ko me ya sa oho. Ya iya a'a tun kafin ya san abin da ake ƙi, yana faɗa yana kaɗa kai har ya tuntsure. Ya iya zo, ya iya tafi, kuma yakan haɗa su ya kori mutum ya kira shi a numfashi ɗaya. Ita kuwa Mma yake ce mata. Yana da wani irin ja da yake yi wa kalmar in yana son a ɗauke shi, da wata gajeriya in ya yi ɓarna yana neman a rufa masa asiri.

Ta so ta ɗauka a waya, Allah ya sani ta so. Amma da zarar ta ɗaga wayar sai ya bar magana ya rarumo ta ya kai baki. In babansa ya kira daga hanya ta kara masa a kunne, sai dai uban ya ji numfashi da tsotsar leɓe.

"Ke dai kina son ki ce kin haifi lauya," in ji direban yana dariya. "Bari in dawo in ji da kunnena."

Ba ta damu ba. Ta ce a ranta ai akwai awo a gaba, ga kyamara mai kyau, ga Dakta da za ta riƙe baki. Har tana yi masa bita tana yanka yadi. "Ka adana su, ɗan nan. Ranar awo za mu ba su mamaki."

Cikin kalmomin, nana ce ta fara ɓacewa. Kyanwa ta shigo shagon ta wuce ta gabansa bai ce komai ba, mai ɗinki ta ɗauka ya gaji da ita ne. Sai tota ta bi baya. Sai ya zama in yana jin ƙishi ba ya faɗa, sai dai ya kama hannunta ya ja ta zuwa jarkar ya ɗora hannun a kai, ko kallon fuskarta ba ya yi. Babu zazzaɓi, babu faɗuwa, babu abin da za ta nuna ta ce ga ranar da abin ya faru. Ta kira shi daga baya, bai waiwayo ba. Ta saki almakashi a ƙasa da gangan, ya zabura, ta gane kunnen lafiya lau yake, sai gabanta ya ƙara faɗuwa. Mma ce ta ƙarshe. Ba ta ma san ranar da ya yi mata kiran ƙarshe ba, don ba wanda ya gaya mata ta saurara da kyau.

Da ranar awo ta zo, Zakara ya zauna a kan shuɗin kafet ya juya wa kyamara baya, ya kife jar motar yana murza tayarta da yatsa. Dakta ta kira shi, ta sake kira, ta kife kofi a kan ƙwallo ba wanda ya nema. Mai ɗinki ta yi ta cewa, "Wallahi yana magana da, Dakta, yana magana." Dakta ta saurare ta, ta cire tabarau ta goge, sannan ta tura su wurin likitan yara.

A wurin likitan ne aka soke ta inda ba ta zata ba. Lokacin direban ya dawo, tare suka je. Likita ya tambaya ko yaron ya taɓa magana. Ta ce ya yi, ta fara lissafowa. Likita ya juya wurin uban.

"To, gaskiya likita ni ban taɓa ji ba," in ji shi, yana murza hularsa. "Ita dai take faɗa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Mutum ne da ba ya iya ƙarya ko don ya rufa wa matarsa asiri. Uwar miji da ta zo dubiya ta ɗora nata, cikin lallashi kuwa. "Haba 'yar nan, kowace uwa tana jin abin da take so ta ji. Gwarancin yara ne. Ki bar wahalar da kanki, mijin nan nawa miskili ne kawai, zai yi magana in ya ga dama." Hatta maƙwabciya mai kayan kwalliya, da aka tambaye ta, sai ta ce ita dai takan ji yana 'yan surutai, amma ba za ta rantse ba.

Mai ɗinki ta fara tsoron kanta. Tana ɗinki sai ta tsaya ta ce, anya kuwa? Wani yammaci ta takura wa mijin da maganar har ya gaji, ya ce, "Ba mutanen jami'ar nan suna ɗaukarsa ba? Ki je su nuna miki mana. In yana ciki, ni ma in ji muryar ɗana." Yana gama faɗa sai ya tashi ya fita duba mota.

Ta san sarai cewa watannin maganar ba a je awo ba. Amma akwai zuwan ƙarshe kafin a canza tsarin, kuma tun da mijin ya yi maganar ta shiga gaya wa kanta cewa a ranar kamar yaron ya ce wani abu. Kamar ya juyo ya ce Mma. Da ta kwana biyu tana juya abin sai kamar ɗin ta fita, ta tabbata ya faɗa. Washegari ta rufe shago da hantsi ta goya shi, duk da ya yi nauyin goyo, ta shiga mota biyun nan.

Ba ranarsu ba ce, barandar babu kowa. Dakta na ofis tana cin abinci a kan takardu, da ta gan su ta rufe kwanon ta miƙe. Ba ta tambayi dalili sau biyu ba. Ta kai su ɗakin awo, ta ba Zakara jar motarsa, ta jawo kwamfuta ta ɗora a kan ɗan teburin nan, su biyu suka zauna a ƙasa.

Ga shi nan a allon, ɗan shekara ɗaya, kumatu cike, riga mai ratsin kore da ita ta ɗinka masa da ragowar yadi. Yana dariya. Ya cafke kofin tun ba a kife ba, ya ɗaga ƙwallon sama, sannan ya juyo ya kalli uwarsa don ta ga abin da ya yi. Ido cikin ido. Mai ɗinki ta dafe ƙirji. Ta zo neman murya, ta manta cewa har wannan kallon ma ya tafi.

"Ba-ba-ba-ba," in ji yaron cikin allon. "Da-da."

"Nan gaba kaɗan ne," in ji mai ɗinki. "Ki bari ya ci gaba."

Ya ci gaba. Yaron ya rarrafa, ya dafa gwiwarta ya miƙe, ya ɗaga fuska yana buɗe baki. Ita kuma ta cikin allon ba shi take kallo ba, agogon bango take kallo. Sai ta ji muryarta, tsaf, ba ko gargada: "Dakta, mun gama? Ina da ɗinkin mutane." Aka ga hannun Dakta ya nufo kyamara, allon ya yi baƙi.

"Mayar baya," in ji ta.

Dakta ta mayar. Suka sake kallo, suka ƙara murya har ƙarshe. Yaron ya buɗe baki, uwar ta yi magana a kansa, allon ya yi baƙi. Ko ya ce wani abu, ko hamma ce kawai, ba mai iya sani. A karo na uku Dakta ta ɗora hannunta a kan na mai ɗinki, ba ta sake mayarwa ba.

"Babu," in ji Dakta a hankali. "Na duba tun ranar da kuka zo awon ƙarshe. Na duba duka, tun daga na wata huɗu. Da akwai, da ni zan kawo miki har shago."

Mai ɗinki ba ta yi kuka ba tukuna. Ta ce, "To a aikinku me aka rubuta a kansa?"

Dakta kamar za ta ƙi, sai ta buɗe wani zane. Ɗigo biyu ne a can ƙasa, ɗaya na shekara ɗaya, ɗaya na shekara ɗaya da rabi, an haɗa su da miƙaƙƙen layi a kwance. Ta ce ɗigon farko yana nufin ba kalma ko ɗaya, na biyun ma haka.

"Wannan layin na tsakiya fa? Wa ya auna shi?"

"Ba wanda ya auna. Haka muke yi, in muka samu ɗigo biyu sai mu haɗa. Duk wanda ya kalli wannan zai ce yaron bai taɓa motsawa daga inda yake ba." Ta rufe zanen. "Na yarda da ke. Abu ne da ke faruwa, yaro ya samu kalmomi su kuma tafi, an san shi. Da kuna zuwa duk wata, da mun gan su suna shigowa, da mun ga ranar da suka fara raguwa, da tuni kuna wurin likita."

"Ni na ce a rage."

"Ke kin faɗa, ni na sa hannu. Kuma in gaya miki gaskiya, daɗi na ji da kika faɗa, don dama ina neman wanda zai fara. Mata suna gudu, yara sun haddace kofi. Dalilan nan har yau suna nan, ba ƙarya ba ne. Ni dai na ɗauka yara gaba kawai suke yi, in ka dawo za ka tarar da abin da ka bari har da ƙari."

Zakara na can yana ta murza tayar jar mota. Mai ɗinki ta ji wani baƙin ciki mai nauyi ya zauna mata a ƙirji. Ta so a ce Dakta ta musa, ko ta ɗora mata laifin duka, da ta samu abin yin faɗa. Yardar da ta zo nema ga ta an ba ta, amma ba abin da za ta kai wa mijinta ya saurara.

"Akwai abu ɗaya da zan roƙe ki," in ji Dakta. "Ke kaɗai kika ji su. Ki faɗa mini su a gaban kyamara, yadda yake faɗa, da lokacin da kowace ta zo. Zan cire layin nan, in sa abin da kika gaya mini a wurin. Likitansa ma zai amfana. In ba ki so, shi ke nan."

Mai ɗinki ta kalli kusurwar. Ta gyara ɗankwali, ta matsa tsakiyar kafet, daidai inda ake zaunar da yara. Dakta ta danna, jar fitilar ta kama.

Da farko kunya ta hana ta, mace da girmanta tana gwaranci a gaban 'yar boko. Ta ce wuwa a daddafe. Sai ta ce a'a, ba haka ba ne, yana turo leɓe ne, ta sake faɗa tana turo leɓen, har da buga ƙafa. Ta yi tota. Ta yi nana, ta ba da labarin kyanwar. Ta yi a'a tana kaɗa kai, Dakta ta yi 'yar dariya tana share ido a ƙarƙashin tabarau. Ta yi zo da tafi a numfashi ɗaya. Duk wadda ta faɗa sai ta saci kallon bayan Zakara, ko kafaɗarsa za ta motsa. Yana nan yana murza tayarsa.

"Saura wadda yake kiranki da ita," in ji Dakta.

"Wannan ai iri biyu ce. Akwai ta ɗauke ni, akwai ta ɓarna."

Ta buɗe baki ta ce Mma. Ta tsaya. Ba haka ba ne. Ta ja ta, ta yi tsawo da yawa. Ta gajarta, ta fito kamar ana kiran wata babbar mace a tsakar gida. Ta rufe ido ta nemi muryar a inda take ajiye da ita tun watannin nan, inda take zuwa ta saurara in keke ya yi shiru. Ta laluba ta laluba. Ta yi ta maimaita wa miji da uwar miji da likita da kanta, har ta goge, duk inda ta taɓa muryar kanta take ji.

"Ai tana nan da," in ji ta. "Ko jiya tana nan."

Dakta ta miƙa hannu za ta kashe kyamarar.

"Kar ki kashe," in ji mai ɗinki, hawaye na sauka har haɓarta, ba ta share ba. "Ki bar ta tana ɗauka. Yau ba ni da ɗinkin kowa."

Dakta ta janye hannunta. Suka zauna su biyu a kan shuɗin kafet, fitilar na ci, suna kallon bayan yaron.